Daƙiƙa Goman da Godiya Ba Ta Nan

Mutumin da aka ce zai tarbe ni a filin jirgin saman Mumbai bai zo ba. Na tsaya a bakin ƙofar fita da akwati ɗaya da wata ƙatuwar jaka cike da garin citta, daddawa da busasshiyar kuɓewa, ina bin allunan da mutane suke ɗagawa ɗaya bayan ɗaya ko zan ga Rifkatu Dogara. Awa uku ina tsaye. Har masu sharar wurin suka saba da ni, in sun zo wucewa sai in ɗaga musu jakar su share ƙarƙashinta.

Ni nas ce a wani ƙaramin asibitin mishan a Kafanchan. Wasu bayin Allah suka aiko mana da injin awon ƙwaƙwalwa, irin wanda ake liƙa wa mutum wayoyi a kai a ga yadda lantarkin ƙwaƙwalwarsa yake tafiya. Injin ya shekara biyu a sito cikin kwalinsa, gizo-gizo yana gadi, don babu wanda ya san ko ta ina ake kunna shi. Daga baya aka yanke shawarar tura mutum ɗaya Indiya ya koyo aikin cikin wata uku. Aka zaɓe ni. Kada wani ya ɗauka na fi sauran ƙoƙari ne, ni kaɗai ce fasfo ɗina bai mutu ba.

Na baro gida da rigima guda ɗaya, sunanta Godiya, 'yata ta fari, shekararta takwas. Tana cikin cin abinci sai ta tsaya cak, cokali a hannu, ido a buɗe. Ka kira ta, ta yi banza da kai. Can sai ta ci gaba da cin abincinta kamar ba a yi komai ba. A gidanmu kuwa sau ɗaya ake kiran yaro. Haka babana ya rene mu a barikin reluwe, haka aka reni mijina Dogara a Madakiya: kira na biyu da mari yake zuwa. Malamarta ta rubuta a takardar sakamako cewa yarinyar ba ta mai da hankali, ana gaya mata abu yanzu ta ce ba a gaya mata ba. Ni na ce taurin kai ne. Surukata, Mama, ta ce iska ce, kuma ta san wani gidan addu'a a kan dutse inda ake sa irin waɗannan yara azumin kwana uku ba ci ba sha. Na ce ba da 'yata ba. Muka yi ta yi, har Dogara ya shiga tsakani.

"Wata uku, Maman Godiya," ya ce. "Ba wanda zai kai ta ko'ina sai kin dawo. Amma in ya wuce da kwana ɗaya, ba zan iya riƙe Mama ba."

To ga ni a Mumbai, kwana na farko yana ƙonewa a bakin ƙofa.

Na ɗauki tasi zuwa adireshin da ke kan takardar shiga makarantar, takarda mai kyau da tambari mai ruwan zinariya, da sa hannun wani Mista Kumar. Direban ya zagaya da ni har na ga wata gada sau biyu, sannan ya ajiye ni gaban shagon faci. Makarantar ɗaki ɗaya ce a saman shagon, da ƙaton kwaɗo a ƙofa, allon sunan ma an ɓalle shi, sai ramukan ƙusa. Na tambayi mai facin ko Mista Kumar zai zo yau, ya kaɗa kai gefe da gefe. Na ce ba zai zo ba kenan? Ya sake kaɗa kai daidai irin na farko. A ƙasar nan da kaɗa kai ɗaya ake cewa i, da a'a, da Allah ya ba ki haƙuri, ni kuwa ranar babu wanda na tsinta a ciki.

Na kama ɗaki a wani masauki mai arha, kullum da safe in koma shagon facin in zauna a kan tsohuwar taya ina kiran lambar da ba ta shiga. A hanya mutane su yi ta kallona ba ƙyaftawa. Wata mata ta kama jelar kitsona a cikin bas tana murzawa, ko sannu ba ta ce ba. Abinci kuwa, ni da nake taƙama mu mutanen citta ba a ba mu tsoro da yaji, na ci wata shinkafa da ta sa na yi kuka da majina a gaban jama'a. Na kira shugaban asibitinmu na gaya masa an damfare mu, ya ce in yi haƙuri, kwamiti zai zauna. Na san kwamitin nan. Shi ne ya shekara biyu yana zama a kan kwali.

A kwana na tara wani mai keke napep ya ce zai kai ni ofishin 'yan sanda, ya sauke ni a tsakiyar kasuwar yadi, ya ja abinsa. Raina ya gama ɓaci. Na ɗaga murya na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai, mugu kawai!"

Sai na ji a bayana an ce, "A'a, Sista, wa ya taɓa ki? Daga ina?"

Na juya na ga wani ƙato da bandir ɗin leshi a kafaɗa. Na ce daga Kafanchan. Ya saki leshin a ƙasa.

"Kafanchan! Ni fa a barikin reluwe aka haife ni. Chinedu sunana. Mamana ne yake sayar da tuwon akpu a bakin tasha, wurin itacen mangoro. Kai, yau na ga 'yar gida!"

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ni da 'ya'ya uku, a tsakiyar kasuwar mutane. Chinedu ɗan kasuwa ne, yana zuwa sarin yadi sau biyu a shekara. Ya kai ni wani lungu inda wata 'yar Najeriya take dafa tuwon semo, ya zauna yana kallona ina ci yana tambayata ko har yanzu ana zuwa kallon ruwan Matsirga ranar Kirsimeti. Da ya ga takardar Mista Kumar sai ya yi tsaki.

"Wannan sun ci ki, Sista. Manta da shi. Bari in ga faston cocinmu na nan, yana da mutane a kudu."

Faston ya san wata, ita kuma ta san wani, aka yi ta waya. Sai da na cika sati uku cur a Mumbai kafin wani asibitin mishan a wani ƙaramin gari can kudu ya yarda ya karɓe ni. Koyon wata uku ne, ba ragi. Na ƙirga a yatsa, na ga zan wuce wa'adin Dogara da sati uku. Ban gaya masa ba.

Chinedu ya sa ni a jirgin ƙasa da kansa, ya ɗaure mini akwati da sarƙa a ƙarƙashin kujera. Kwana ɗaya da yini muna tafiya. Ni 'yar ma'aikacin reluwe ce, na girma ina jin babana yana ba da labarin lokacin da jirage huɗu ke haɗuwa a tasharmu, yanzu kuwa awaki ne ke kiwo a kan layin. Nan ga jirgi bayan jirgi suna wucewa kamar ba za su ƙare ba, har na ji haushin abin ya kama ni, ban ma san wa nake jin haushi ba. Wata tsohuwa da ke zaune gabana ta buɗe ƙullin ganyen ayaba, ta raba wainar shinkafarta biyu ta tura mini rabi. Na ba ta citta. Ta sansana, ta ɗaga gira, ta ɓoye a ƙugunta. Har ta sauka ba mu fahimci kalma ɗaya ta juna ba.

Da rana tsaka wayata ta yi ƙara. Dogara ne.

"Godiya ta tsaya a tsakiyar titi, wajen kasuwa. Mai okada yana ta hon, ita ko motsi. Ya kauce ya faɗi, ya goge ta a gwiwa. Allah ne kawai ya tsare."

"Ta ji ciwo sosai?"

"Ƙujewa ne. Amma Mama ta zo da jakarta. Ta ce ba za ta koma Madakiya ba sai da yarinyar."

Tsoro ya juye mini ya zama faɗa. Na ce, "Ka zane ta, Baban Godiya! Ka zane ta da kyau, ta san titi ba wurin mafarki ba ne. Mama kuma ka tuna mata alkawari." Mutanen taragon duk suka juyo suna kallona. Ya ce ai ya riga ya zane ta.

Shugabar ɗakin awon ƙwaƙwalwa a sabon asibitin sunanta Madam Selbi, wata 'yar ƙaramar mata da ba ta kai kafaɗata ba, kullum da tef ɗin awo a wuya kamar tela. Sunana ya gagare ta, ta mai da ni Sista Najeriya. Dokarta ɗaya ce: ɗalibi ba ya leƙa ɗakin marasa lafiya sai ya auna kan ɗan'uwansa ɗalibi, ya liƙa wayoyi ashirin da ɗaya kowace a mazauninta, injin ya yi rubutu mai tsabta, sannan shi ma a yi a nasa kan. Aka haɗa ni da wata ɗaliba mai sanyin hali, Anita. A nata kan ban sha wahala ba, gashi ne mai santsi, ka tsaga shi da yatsa ka ga fata. Cikin sati biyu na iya.

Da aka zo kaina sai aiki ya tsaya. Kafin in taso na kwana gidan ƙanwata a Sabon Tasha, na zauna wajen mai kitso tun safe har yamma aka yi mini ƙananan kitso da gashin ƙari har gadon baya, wanda zai kai ni wata uku, aka bi shi da man kaɗanya. Wace mace ce za ta tafi ƙasar waje da kai a tsefe? Ashe wayoyin nan fata suke so, busasshiya, ba mai ba gashi. Anita ta liƙa wannan, wancan ya faɗo. Injin ya riƙa zana wani abu kamar kaji sun yi tono. Kwana huɗu tana fama, rana ta biyar ta zauna ta yi kuka, don ita ma ba za ta wuce ba sai kaina ya yi rubutu.

Madam Selbi ta zagaya ni sau ɗaya ta ce, "Ki aske."

Na ce, "Madam, a garinmu in matar aure ta sauko daga mota da kai ƙwal, kafin ta isa gida an fara yi wa dangin mijinta gaisuwar rasuwarsa."

"To ba za ki shiga ɗakin marasa lafiya ba."

"In na koma gida fa? Duk macen da ta zo awo sai in aske ta? Wa zai zo?"

Ta kaɗa kan nan nasu, ta tafi. Na bi bayanta da harara.

Ranar Lahadi bayan sujada na zauna a bayan ɗakin kwananmu na fara tsifa, ina yi ina mita ni kaɗai, ina tuna yinin da na ɓata a Sabon Tasha. Wasu mata uku masu wankin asibiti suka tsaya kallo. Can ɗaya ta ciro fil daga gashinta ta zauna a bayana, sauran suka bi. Suna tsifa suna hirarsu da yarensu suna dariya, na tabbata da ni suke, amma hannunsu da sauƙi. Kafin rana ta faɗi mun gama. Na wanke kan sau uku da sabulun wanki. Washegari gashina ya tashi tsaye, cunkus, Anita ta tura yatsa ta kasa kai wa fata. Wani satin ya tafi a haka.

Ina kwance ina kallon silin abin ya faɗo mini. Fata suke nema, mu kuwa tun muna yara mun san yadda ake fito da fatar kai: tsaga. Na sa Anita ta auna kaina ta ɗiga jan fensir a duk inda waya za ta zauna. Na ɗauki madubi biyu da tsinken tsaga, na yi wa kaina manyan kitso, kowace tsaga na bi da ita ta kan ɗigon. Kitson bai yi kyau ba, ko gona ba zan je da shi ba. Amma wayoyi ashirin da ɗaya suka zauna daram. Madam Selbi ta zo ta duba, ta ciro waya ta ɗauki hoton kaina gaba da baya, ta ce in hau gado in rufe ido.

Ɗakin da sanyi, ga gajiya, barci ya ɗan sace ni. Da aka gama ta juyo mini da fuskar kwamfutar.

"Wannan ke ce a farke, ido a rufe," ta ce, tana nuna wasu ƙananan layuka masu hawa da sauka a jere. "Kusan goma a daƙiƙa ɗaya. Nan kin fara gyangyaɗi, dubi yadda suka rage sauri suka yi faɗi. A daidai nan na ce miki lemo. Kin tuna?"

"Ba ki ce komai ba, Madam."

"Na ce."

"Ni fa ina jin duk abin da ake yi."

Sai da Anita ta rantse ta ji da kunnenta na yarda. Madam Selbi ta ce idan lantarkin ƙwaƙwalwa ya koma tafiyar hawainiya haka, magana ba ta shiga, abin da bai shiga ba kuwa ba yadda za a yi a tuna shi. A cikin barci alheri ne, lokacin ne ma ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Amma in aka gan shi ga mutum yana zaune ido biyu, to a nemi dalili. Na rubuta duk wannan a littafina da kyakkyawan rubutu, har na ja layi a ƙarƙashi. Ko sau ɗaya Godiya ba ta zo mini a rai ba. Ka ji kai irin nawa.

Kafin nan Dogara ya riga ya gano ba zan dawo kan lokaci ba, don shugaban asibitinmu ya gaya wa matarsa, matar ta faɗa a zumuntar mata ta coci, magana ta isa kunnen Mama kafin la'asar. Mama ta ce tunda ni na fara karya alkawari, ita ma ba abin da ya ɗaure ta. Ta sa ranar Litinin. Na yi faɗa a waya har kati ya ƙare, Dogara ya ce shi ya gaji, in ina da abin da ya fi na Mama in kawo. Ba ni da shi.

Ranar Juma'a aka bar ni na shiga ɗakin yara karo na farko. Aka kawo wata yarinya mai kamar shekara bakwai, ubanta yana biye da fuska a murtuke, yana gaya wa Madam Selbi cewa malalaciya ce, ba ta jin magana, an mai da ita baya a aji. Na ce a raina, ashe ko'ina akwai su. Muka liƙa wayoyi. Madam Selbi ta ba ta 'yar fankar takarda irin ta wasan yara, ta ce ta yi ta hurawa da ƙarfi har minti uku, don irin wannan numfashin yana tono abin da ke ɓoye.

Yarinyar ta yi ta hurawa, fanka tana juyawa. Ba a kai minti biyu ba sai fankar ta tsaya. Ido a buɗe, fatar idon tana ɗan rawa, leɓe yana motsi kamar mai tauna. A kan kwamfuta layukan nan duka suka tashi lokaci ɗaya, manya-manya, uku a daƙiƙa, kamar kunyoyin doya. Madam Selbi ta kira sunanta da ƙarfi, ta faɗi wata kalma. Shiru. Na ƙirga daƙiƙa goma. Layukan suka kwanta, yarinyar ta ci gaba da hura fankarta. Aka tambaye ta me aka ce mata, ta ce ba a ce komai ba.

Na san wannan fuskar. Na san ta a kan tabarmar cin abinci, na san ta a bakin rijiya, na san ta a layin yara mawaƙa a coci. Na matsa kusa da Madam Selbi.

"Madam, mene ne wannan?"

"Farfaɗiya ce."

"Farfaɗiya ai faɗuwa ake yi, da kumfa a baki."

"Wannan ba ta kayarwa. Ɗauke yaro take yi na ɗan lokaci ta dawo da shi, sau da yawa a yini, shi bai ma san ya tafi ba. Tana da magani, da yawansu kuma tana barinsu in sun girma." Ta dube ni. "Sista Najeriya, lafiya?"

Shekara goma sha biyu ina aikin nas. Na gaya mata komai a tsaye a wurin, har da abin da na faɗa a jirgin ƙasa. Ta kama hannuna ta kai ni wurin likitan yara. Likitan ya ce ba a yanke hukunci ta waya, dole sai an yi awo, amma in za a nuna masa yarinyar zai duba.

Na kira Dogara. Ya ce, "Kin fara kuma." Na ce ban taɓa roƙonsa abu irin wannan ba, ya ba ni minti biyar gobe da safe, in bai ga komai ba Mama ta tafi da ita.

Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a gida, mu a nan rana ta ɗan karkata, muka zauna ni da likita da Madam Selbi gaban wayata. Sabis ɗin gidanmu sai a bayan gida kusa da katanga yake kamawa, can suka kai benci. Kiran ya yanke sau biyu. A na uku na ga Godiya da rigarta ta gida, da tabon gwiwarta, Mama kuma tana gefe a kan kujera 'yar tsugune ta harɗe hannu.

"Ina kwana, Mama."

"Lafiya. Mu ga abin da Indiya ya koya miki."

Na ce Dogara ya yago takarda daga littafin makaranta ya riƙe a gaban bakinta, wayar kuma ya jingina ta inda za mu ga fuskarta. Na ce, "Godiya, ki yi ta hura takardar nan da ƙarfi, kar ki tsaya sai na ce. Baban Godiya, in ka ga ta tsaya, ka kira sunanta, ka faɗi wata kalma, kowace iri."

Ta fara. Takarda tana kaɗawa, zakaran maƙwabta yana cara, Mama tana tsaki. Minti ɗaya ya wuce. Na fara addu'a a zuci, ban ma san me nake roƙo ba, a gani ko kada a gani. Sai takardar ta tsaya.

"Godiya!" in ji Dogara. "Godiya! Doya. Kin ji? Doya!"

Idonta yana kansa, ba ta ganinsa. Fatar idon tana rawa. Likita ya matso da fuskarsa kusa da wayar yana ƙirgawa a hankali. Dogara ya ɗaga hannu yana kaɗawa a gaban fuskarta. A daidai nan ta dawo. Ta ga hannun babanta a sama, ta dunƙule ta kare kanta da hannu biyu.

"Dadi yi haƙuri, ina hurawa, ban tsaya ba!"

Dogara ya sauke hannun a hankali kamar ba nasa ba. Ya ce, "Me na ce miki yanzu?"

"Ba ka ce komai ba, Dadi."

Likita ya yi magana, ina fassarawa. A kai ta babban asibiti a Jos cikin satin nan a yi mata awo. Kada ta tsallaka titi ita kaɗai, kada ta je rafi, kada ta zauna kusa da wuta. Azumi kuwa babu shi.

Mama ta warware hannunta. Ta daɗe tana kallon yarinyar.

"Ashe Godiya ba ya ji ne," ta ce. "To addu'an fa?"

"A yi a gida, Mama, da abinci a cikinta."

Mama ta jawo Godiya ta zaunar da ita a cinyarta. Dogara ya tashi ya fita daga hoton, na ji yana fyace hanci a bayan katanga. Na ce a ba Godiya wayar. Fuskarta ta cika gilashin, ta matso da ita sosai har hancinta kawai nake gani. A wajenmu uwa ba ta ba ɗanta haƙuri, ban taɓa jin an yi ba, ban kuma san da wace murya ake yi ba.

"Godiya, ki yafe mini. Duk kiran da na ce kin ƙi amsawa, ashe ba ki ji ba ne."

Ta ɗan janye fuskarta daga wayar.

"Momi, da ma kirana kuke yi?" ta ce. "Ni ina zaune ne kawai, sai in ji mari."